Allurar ɗinki ta soke ni bayan ta soki abokin aikina: ko na kamu da ƙanjamau?

Tambaya: "Anti, ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata 27. Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah muna aikin dare, allurar hannu ta soki abokin aikina a yatsa har jini ya ɗan fito. Ya goge ta, ya mayar da ita inda muke soke allurai. Bayan kamar awa biyu na ɗauka ina sa maɓalli, ni ma ta soke ni. Yaron nan ya rame kwanan nan, kuma yana tari. Washegari wurin aski, mashin ya ɗan yanke ni a ƙeya. Yau mako bakwai ke nan ba na barci. Na yi gwaji sau biyu, a kwana goma da kuma mako shida, duk an ce babu komai. Amma maƙogwarona na ciwo, jikina na zafi, na kuma taɓa ƙaluluwa a wuyana. Ga shi an sa ranar aurena. Don Allah ki gaya mini gaskiya."

Ƙanena, gaskiyar da ka nema ita ce wannan: abin da ka bayyana ba hanyar kamuwa da ƙanjamau ba ce. Da a daren da abin ya faru ka zo ka same ni a wurin aiki, da na wanke maka yatsa, na tambaye ka rigakafin ciwon hanta da na tetanos, na ce ka koma kan kekenka. Ba don in kwantar maka da hankali nake faɗa ba. Shekara goma sha biyar na yi ina aikin jinya a sashen masu wannan cuta, kuma na sha gaya wa mutane labarin da ba sa son ji, ido cikin ido. Da akwai abin tsoro a maganarka, da na faɗa.

Ƙwayar HIV, mai jawo ƙanjamau, ba ta da juriya a wajen jikin mutum. Cikin jini take rayuwa, da maniyyi, da ruwan gaban mace, da nonon uwa. Kafin ta kama wani, sai wannan ruwan ya fito daga mai ɗauke da ita, yana ɗanye, yana da ƙwayar da yawa, sannan ya sami hanyar shiga can ciki inda ƙwayoyin garkuwar jiki suke, waɗanda muke kira CD4, don su take kamawa ta hayayyafa a cikinsu. Da zarar jini ya sha iska ya fara bushewa, ƙarfinta ya fara karyewa ke nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bayyana cewa ko a ɗakin bincike, inda ake tara ƙwayar fiye da yadda take a jinin mutum nesa ba kusa ba, bushewa kaɗai na rage ta da kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari a 'yan awoyi. To ina ga ɗan abin da ya rage a bakin allurar da aka goge, ta yi awa biyu a shago ana fanka?

Kai tela ne, ka fi ni sanin allura. Ɗauki taka ka dube ta: ƙarfe ne cur, sumul, ba ta da ciki. Ɗan jinin da ya taɓa ta a bayanta yake, kuma tana ratsa yadi sau ɗaya ya goge. Allurar sirinji daban take. Tana da rami a tsakiya kamar tsinken shan lemo, jini na iya maƙalewa a ciki inda iska ba ta kai, ƙwayar ta yi kwanaki da ranta, wani lokaci har makonni idan wurin da sanyi. Shi ya sa masu yi wa kansu allurar ƙwaya da sirinji ɗaya suke kamuwa, shi ya sa kuma mu ma'aikatan asibiti muke taka-tsantsan. Mutane sukan ji kalmar "allura" su haɗa su duka a kwando ɗaya, alhali tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Ko ita allurar asibitin, bari ka ji lissafinta. Idan allura mai rami, wadda yanzu-yanzu aka zare daga jikin mutumin da aka tabbatar yana da HIV, ta soki ma'aikacin lafiya, waɗanda ke kamuwa kimanin uku ne cikin dubu. Wato 997 suna tsira ko ba su sha komai ba. Wani bincike da aka buga a 1997 ya duba su wane ne ukun nan, sai aka ga yawanci waɗanda allurar ta shige su da zurfi ne, ko ana ganin jini ƙuru-ƙuru a jikinta, ko daga cikin jijiya aka zare ta, ko majinyacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ƙwayar ta cika masa jini. Taka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A birnin Montreal na Kanada kuma an bi diddigin yara 274 da alluran da aka yar a titi da wuraren wasa suka soka, aka fitar da sakamakon a 2008: babu yaro ko ɗaya da ya kamu. Su kuwa alluran sirinji ne masu rami, waɗanda ba a san hannun da suka fito ba.

Ni kaina ta taɓa soka ta, shi ya sa ban raina halin da kake ciki ba. Aikin dare ne a wani asibiti, wajen ƙarfe biyu. Na ɗebi jinin wani bawan Allah da ciwo ya kwantar, na zo mayar da murfin allurar da hannu biyu, abin da aka hana mu tun muna makaranta, sai ta zame ta huda safar hannuna ta shiga babban yatsana. Na tsaya ina kallon ɗigon jini yana taruwa a ƙarƙashin robar, kunnuwana suka toshe, na daina jin ƙarar komai a ɗakin. Na cire safar, na tara yatsan a famfo da sabulu, kafin asuba na haɗiyi ƙwayar farko ta maganin kariya da muke kira PEP. Kwana 28 na yi ina sha, da tashin zuciya da kasala, don magungunan wancan lokaci sun fi na yanzu wahalar da jiki. Ina shayar da ɗiyata a lokacin, dole na yaye ta ba shiri, tana kuka ina kuka. Gwajin mako shida ya fito lafiya, na wata uku ma haka, na wata shida ma haka. Wannan shi ne haɗari na gaske: allura mai rami, ɗanyen jini daga jijiya, majinyaci mai ciwo sosai. Duk da haka Allah Ya tsare, kamar yadda yawanci ake tsira.

Tunda na ambaci PEP, ka riƙe wannan don gaba ko don wani naka. Ana ba da shi ga wanda ya haɗu da haɗari na haƙiƙa: fyaɗe, fashewar kororon roba da wanda ba a san matsayinsa ba, sukar allurar sirinji mai jini. Dole a fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa. Kada mutum ya tsaya jiran gari ya waye ko Litinin ta zo. A tafi sashen gaggawa na asibitin Komfo Anokye, wanda muka fi sani da Gee, ko asibitin Manhyia da ke kusa da ku, ko Tafo, ko Suntreso, a faɗi abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba.

Batun aski kuma. Yankan mashin a ƙeya karce ne a saman fata, jinin da ya fito naka ne, kuma waje yake fitowa. Kafin ya zama matsala sai wanda aka yi wa aski kafin kai yana da cutar, an yanke shi, ɗanyen jininsa na nan a bakin mashin, aka ɗora maka nan take ba a goge ba, ya kuma shiga ciki da yawan da zai isa. Ban taɓa karɓar majinyacin da aka tabbatar ta nan ya samu ba. Ba zan ɓoye maka ba, a littattafan likitanci akwai labarai ƙalilan da suka shafi reza. A 1993 CDC ta ba da rahoton wasu samari biyu 'yan gida ɗaya masu ciwon rashin daskarewar jini, ana kyautata zaton ɗaya ya samu daga ɗayan ta rezar da suka yi aski da ita, dukansu suka yanke. Ka lura da yanayin: reza ɗaya, jini ɗanye, mutane biyu da jininsu ba ya saurin tsayawa. Don irin wannan ba kasafai yake faruwa ba ne ma har aka rubuta shi duniya ta karanta. Darasinsa shi ne kowa ya riƙe rezarsa da buroshin haƙorinsa, ka kuma sa mai aski ya ɓare sabuwar reza a gabanka. In da hali ka sayi mashin ɗinka ka riƙa zuwa da shi.

Inda nake so jama'armu su fi buɗe ido shi ne wurin da ake fitar da jini da gangan: kaciya, ƙaho, tsaga, cire beli, sai kuma masu yankan farce da ke zagaya unguwa da almakashi ɗaya daga wannan ƙafa zuwa waccan. Wanzamai da yawa yanzu sun waye, suna amfani da sabuwar reza ga kowane yaro, Allah Ya saka musu. Wanda bai yi haka ba, ka kai masa taka, ba rashin kunya ba ne. Haka allurar da ake yi a bayan kanti: in ba a yaga ledar sirinjin a gabanka ba, kada ka miƙa jikinka.

Sai dai ko a waɗannan wuraren, ba ƙanjamau ce ta fi tayar mini da hankali ba. Mun bar jaki muna dukan taiki. Ciwon hanta nau'in B ya fi HIV saurin kamawa ninkin-ba-ninki: sukar allura ɗaya daga mai ɗauke da shi na iya kama mutum 6 zuwa 30 cikin ɗari, ƙwayarsa kuma tana iya yin mako guda a busasshen jini ba ta mutu ba. A Ghana kusan mutum ɗaya cikin goma na ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba, sai bayan shekaru ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, a ce sammu ne. Masu HIV kuwa ba su kai biyu cikin ɗari na manya ba. A 2002 aka shigar da rigakafin ciwon hanta cikin alluran jarirai a ƙasar nan, kai kuma kafin nan aka haife ka, don haka da wuya a ce ka samu. Wannan shi ne aikin da na ba ka: ka je a gwada ka, in ba ka da shi ka karɓi rigakafin, allura uku cikin wata shida. Amaryarka ma haka. Ka tambayi na tetanos a tafiya ɗaya, tunda kullum hannunka na cikin almakashi da reza.

In allura ta sake sukarka, kuma za ta sake tunda sana'arka ce, kada ka kai yatsa baki kamar yadda teloli suka saba, kada ka matse shi da ƙarfi, kada ka zuba masa man keke ko Parazone, ruwan bilic ɗin nan. Ruwa mai gudu da sabulu, sai filasta. Parazone na goge tebur ne da almakashi idan jini ya taɓa su, kashi ɗaya a cikin kashi tara na ruwa.

Alamomin da kake ji ba su nuna komai ba. Babu likitan da ya isa ya gane HIV da ciwon maƙogwaro ko zazzaɓi, gwaji ne kawai ke faɗa. Mutumin da ya yi mako bakwai ba barcin kirki, ba cin abincin kirki, ga sauron damina, me zai hana jikinsa zafi? Ka je a duba maka zazzaɓin cizon sauro. Ƙaluluwa kuma kowa na da ita a wuya, tana tashi don mura ko ciwon haƙori ko ɗan ƙurjin aski, kuma in ka dame ta da latsawa safe da yamma sai ta ƙara kumbura ta yi zafi. Na san kana latsa ta. Ka bari.

Gwajin da ka yi a kwana goma ya yi wuri, ba ya nuna komai ko da akwai. Na mako shida kuwa yana da nauyi, domin mafi yawan waɗanda suka kamu ya riga ya bayyana a jininsu a lokacin. Gwajin nan na gaggawa da ake huda yatsa martanin garkuwar jiki yake nema, ba ƙwayar kanta ba, kuma jiki kan ɗauki tsakanin kwana 23 zuwa 90 kafin ya fitar da shi. Don haka in kwana 90 sun cika daga daren nan, ka je ka yi guda ɗaya. Ba don allurar ta cancanci haka ba, sai don a kashe maganar, kuma dama kai mai shirin aure ne, ya kamata ku je tare da ita a duba ku duka, har da gwajin jini na sikila. Abin da ya fito ranar shi ne ƙarshe. Babu na huɗu, babu na biyar.

Akwai tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo mini da labarin reza ko allura, kai ma zan yi maka, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko akwai wani abin da ya faru wanda ba ka rubuta ba? Sau da yawa saurayi kan zauna a gabana ya yi rabin awa yana maganar mai aski, sai ya miƙe zai fita, hannunsa a kan ƙofa, ya ce, "Anti, akwai kuma wata magana." Ba na tuhumarka, kuma ba sai ka amsa mini ba. Amma alƙaluman Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana sun nuna a 2023 mutum kimanin 334,000 ke rayuwa da cutar a ƙasar nan, sama da 17,000 kuma suka kamu a shekarar, kuma mafi rinjayensu ta saduwa ba kariya ne, sai kuma daga uwa zuwa jariri. In akwai irin wannan, daga ranar za ka fara ƙirga kwana 90 ɗin, ka kuma faɗa wa mai gwajin. Sirrinka amana ne a wurinsa, doka ma ta hana shi fitarwa. Ko da an samu, zamanin da ake kiranta "kabari kusa" ya wuce. Maganinta ƙwaya ɗaya ce a rana, kyauta a asibitocin gwamnati, kuma wanda ya riƙe ta har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Ina da majinyata da suka yi aure, suka haifi 'ya'ya lafiyayyu, wasu har sun aurar.

In kuwa babu komai sai allurar nan, to abin da ke cinka waswasi ne, kuma ciwo ne na gaske da ke buƙatar kulawa. Ka tuna abin da muka karanta a makaranta cikin Ahalari: wanda ya yi shakkar ko alwalarsa ta karye, sai ya sake, sai fa in mai waswasi ne, shi babu komai a kansa. Malamai sun gane tun da daɗewa cewa mai waswasi in ka ce ya sake, ba zai taɓa gamawa ba, sakewar ce ma ke ciyar da shakkar. Haka gwaji yake a wurinka. Ka karɓi sakamako, ka sami sauƙi kwana biyu, sai zuciya ta ce, "To in na'urar ta yi kuskure fa? In allurar da aka huda ni da ita wurin gwajin ba sabuwa ba ce fa?" Sai ka ɗauki waya ƙarfe ukun dare kana neman alamomi a intanet, kowace ka karanta sai ka ji ta a jikinka. Na ga wanda ya yi gwaji fiye da sau goma a shekara ɗaya, ya daina musabaha a masallaci, ya daina hawa trotro don kada ƙarfen kujera ya karce shi. Jininsa lafiya lau, amma rayuwarsa ta tsaya cak.

Maganinsa shi ne ka daina ba shi abinci. Ka daina binciken alamomi a waya, ka daina duba harshe a madubi, ka daina tambayar mutum na biyar abin da na farko ya riga ya amsa maka. In tunanin ya zo, ka bar shi ya zauna, ka ci gaba da ɗinkinka. Kwanakin farko zai yi maka nauyi ƙwarai, daga baya ya fara saki da kansa. Ka riƙe addu'a da zikirinka, suna sanyaya zuciya. Amma in bayan gwajin wata uku har yanzu barci ya ƙi, ko tsoron ya koma kan wani abu daban, ka je ka nemi ganin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai sashen a Gee, akwai kuma nas-nas ɗinsu a asibitocin gundumomi. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka. Ana koya wa mutum yadda zai fuskanci tunanin ba tare da ya biye masa ba, wani lokaci a haɗa da magani, kuma mutane suna warkewa.

Saura abokin aikinka, kuma maganarsa ta tsaya mini a rai. Ka yanke masa hukunci da ido, alhali rama da tari ba su taɓa zama shaidar ƙanjamau ba. Yaron da ya kwana talatin yana azumi yana kuma kwana a kan keke dole ya rame. Ina fata ba ka furta zarginka ga kowa ba, don ka san Zango: magana ɗaya a bakin shago, kafin la'asar ta kai Asawase da Sawaba, ta hana shi mata, ta kore masa masu kawo ɗinki. Ko da a ce yana da ita, cin waakye a kwano ɗaya da shi, shan ataya a kofi ɗaya, musabaha, buta ɗaya, zufarsa, yawunsa, sauron da ya cije shi ya cije ka, babu wanda zai sa maka komai a ciki. Tarin ne ma ya kamata ka kula da shi, don shi iska ke ɗaukarsa, ku kuma kuna kwana a shago ɗaya a rufe. In ya wuce mako biyu yana yi, musamman in da zufar dare, ka ja shi gefe cikin mutunci ka ce ya zo ku je a duba majinarsa saboda tarin fuka. Gwajin da maganin duk kyauta ne, wata shida ake sha a warke. Ranar da za ka je batun rigakafin hanta, ku tafi tare.